Farar Ƙura a Kan Gyaɗa

La Trinidad, 19 ga Nuwamba, 1988

Ading Segundina,

Gaisuwa daga kan duwatsu zuwa gare ki, ƙanwata, da mijinki Crispulo da yara. Yaya jikin surukarki? Ta fara iya tashi zaune, ko har yanzu sai an juya ta? Ni dai ga ni nan. Tun da sanyi ya sauko gwiwoyina ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, likita kuma ya ce ciwon suga ya sake motsawa, ya hana ni ko lasar zaƙi.

'Yarki Divina tana lafiya, tana zuwa kwalejinta ta horon malamai ba fashi. Har kumatu ta yi. Na faɗa miki ne don in wani ya tambaya, ki ce ba da yunwa take kwana a gidana ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san a jajiberin Kirsimeti, in an tashi daga sujadar asuba, ana raba wa yaran unguwa abin zaƙi a ƙofar coci. Shekara da shekaru matar kansila ke riƙe da wannan aiki, tana gasa kek a tandunta na lantarki, tana tafe tana hura hanci. Bara rabinsa ya ƙone. Bana na miƙe a taron mata na ce ni ba ni da tanda, amma ina da hannu, kuma zan yi dakuwar gyaɗa irin ta kakanninmu, wadda ba ruwanta da gashi. Aka ba ni. Da kin ga fuskar matar nan.

Ba ki manta yadda ake yi ba dai? A soya gyaɗa a murje ɓawon, a kai inji a markaɗa ta yi laushi har mai ya taso, a zuba madarar gari da sukari da dakakken biskit, a cuɗa, a mulmula, a birkiɗa cikin kankararriyar kwakwa, a naɗe a takarda mai sheƙi, ja da kore. Kakata da kakarki, da suka fito ciki ɗaya, a tabarma ɗaya suka koyi wannan mulmula, sai dai su ba su san madarar gari ba.

Gyaɗar kasuwar nan ƙanana ce, ga ɗaci. Taku ta bakin kogi nake so. Bana ba rabin buhun da kika saba aiko mini ba, cikakke nake roƙo, ɓararriya. Ki sa a motar da ke tasowa daga Tuguegarao, zan aika a karɓa a tasha.

Yayarki,
Eufrosina


Enrile, 27 ga Nuwamba

Manang Eufrosina,

Yayata, wasiƙarki ta same mu lafiya. Allah ya sassauta miki gwiwa. Surukata tana nan yadda kika sani, ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ni, don haka ko kasuwa a guje nake zuwa. Ruwa bai ɗauke ba tukuna, kogi ya cika ya shanye gonakin ƙasa. Muna jira ya janye mu shuka gyaɗar rani.

Buhunki ya tafi. Crispulo ya ɗauke shi da sassafe jiya, yana sauri kada mota ta bar shi, ya ba direba hannu da hannu. Buhu biyu suka rage mana a rumbu daga girbin baya, ɗaya na ci ɗaya na iri. Na cin muka ba ki duka. Kada ki yi zancen biya, Divina tana cin tuwonki.

Amma Manang, zan faɗi wata magana, kada ki ɗauke ta da zafi. Dakuwar yaran unguwa guda ba aikin yini ɗaya ba ne, kuma na san gwiwarki ba za ta bar ki tsugunno gaban kasko ba. Divina tana da jarrabawa kafin hutu. Mun sayar da ɗan maraƙi don karatun nan. Ta taya ki da yamma da ranar Asabar, ban hana ba, amma kada littafi ya koma ƙarƙashin faifai.

Ki ce mata ta riƙa sa rigar sanyin da na saƙa, ko da ba ta yi mata kyau ba.

Ƙanwarki,
Segundina


La Trinidad, 6 ga Disamba

Ading,

Ina fata kogi ya fara ja da baya, kuma kowa na gidanku yana lafiya. Buhu ya iso, na gode. Gyaɗa ce manya-manya kamar yadda na sani, sai dai ta bana tana da wata farar ƙura a jiki, da ɗan wari kamar na kantin magani. Divina ta bakace ta a bayan gida ta soya kashi-kashi. Kuma da yamma ta yi, bayan ta dawo daga makaranta, tunda kin ga ya dace ki koya mini riƙon yarinya.

Ba don gyaɗa na rubuto ba. Na daɗe ina juya maganar nan a baki, na ga gara ki ji daga wurina kafin ki ji a bakin 'yan tasha.

Divina ba daidai take ba. Amai take yi, musamman da safe. Jiri yana ɗibarta, jiya sai da ta dafa bango. A cikin sanyin nan da kowa ke naɗe da bargo, ita gumi ke keto mata. Yawu kuma ya cika mata baki, tana ta fita tofarwa. Warin soyayyar gyaɗa ma, da take so tun tana ƙarama, yanzu tayar mata da zuciya yake yi.

Allah bai ba ni haihuwa ba, amma ya ba ni ido, kuma na shekara hamsin da wani abu ina zaune cikin mata. Akwai wani ɗan ajinsu, dogo, mai suna Renato, da ke rako ta har bakin layi yana riƙe mata lema. Na zaunar da ita na tambaye ta a hankali. Ta ce ba ta gane abin da nake nufi ba. Da na fito mata a fili, ta fashe da kuka ta rantse da Budurwa Maryamu. Duk wadda na taɓa gani a wannan hali haka ta rantse.

Ban gaya wa kowa ba sai mata biyu na coci, don su taya ni addu'a. Ki yi shawara da Crispulo ki rubuto mini abin da za a yi. Amana kika ba ni, ban kuma yi barci a kanta ba, amma ba zan iya bin budurwa har cikin aji ba.

Eufrosina


Enrile, 12 ga Disamba

Manang,

Muna lafiya. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan yau.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Yarinya ta yi amai, maimakon ki kai ta asibiti sai ki kai sunanta bakin matan coci? Mata biyu! Ni da ke mun san mata biyu na coci sun fi gidan rediyo.

Na san 'yata. Ni na goya ta a bayana ina cirar gyaɗa. In ta ce ba ta yi ba, ba ta yi ba. Gajiya ce. Ta yini a makaranta, ta dawo ta tsuguna gaban hayaƙi har duhu, me zai hana jiri? Na roƙe ki tun farko. Kin so ki kunyata matar kansila da gumin 'yar wani, yanzu gumin ya fito kin ba shi wani suna.

Ban nuna wa Crispulo ba. Da ya gani da yanzu yana kan hanya, kuma ba da lema zai zo ba.

Zancen ƙura kuwa, toka ce. Haka iyayenmu ke barbaɗa wa gyaɗa don kada ƙwaro ya ci, ko zaman birni ya mantar da ke? Kyauta aka ba ki kina shinshinawa. In gyaɗarmu ba ta kai matsayinki ba, ki ɗaure bakin buhun ki mayar mana da abinmu, akwai masu so.

Ranar da aka yi hutu ki sa Divina a mota da duk kayanta. Zan nemo mata wani wurin zama, ko da a ɗakin kwanan ɗalibai ne.

Segundina


Tangaraho daga Tuguegarao, 17 ga Disamba

KADA KI TAƁA GYAƊARMU. SEGUNDINA.


Enrile, 18 ga Disamba

Manang Eufrosina,

Don Allah ki karanta wannan a inda Crispulo ya same ki, ko a tsakiyar titi ne. Ki ajiye fushi. Gyaɗar da ke hannunki akwai guba a jikinta.

Ruwa ya janye daga gonarmu, jiya muka kwance buhun da ya rage za mu shuka. Crispulo ya zura hannu ya ɗebo, ya tsaya yana kallon tafinsa, sai na ga ya zauna a ƙasa. Gyaɗar tas take, ba ƙura. Ashe bana bai sa toka ba. Saboda ƙwaron da ya cinye mana iri bara, ya sayo garin maganin ƙwari a kanti ya cuɗe buhun iri da shi, bai gaya mini ba don na sha yi masa faɗa kan maganin nan. Buhunan biyu kamarsu ɗaya. Da safen nan da yake sauri, na irin ya ɗauka ya kai miki.

Farar ƙurar da kika gani ita ce. Ni kuma na rubuta miki da hannuna cewa toka ce.

Amai, gumi, yawu, jiri. Duk suna rubuce a bayan takardar maganin, a inda aka zana ƙoƙon kai. Na yago wurin na sa cikin ambulan nan. Ki kai Divina asibiti yanzu, ki miƙa wa likita takardar. Kada ta ƙara lasa, kada ta ƙara taɓawa. Kada yaro ko ɗaya ya sa dakuwar nan a baki. Suya ba ta kashe shi, markaɗe ba ya kashe shi.

Jiya na tura Crispulo ya haye kogi a kwalekwale ya buga miki tangaraho, don gada tana ƙarƙashin ruwa. Na rubuta masa abin da zai ce, har da kalmar guba. Da ya dawo na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai. Wai ma'aikacin gidan wayar surukin dillalin da ke sayen gyaɗarmu ne, in ya ji guba gari duka zai ji, ba mai ƙara sayen ko gwangwani a wurinmu. Sai ya yanke maganar ya bar rabi. Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban uwarsa ba sai jiya.

Shi ya sa yake tafe da kansa. Da ni zan zo, amma ba wanda zan bar wa tsohuwa. Na rubuta komai ne don na san shi, zai iya tsayawa a ƙofarki yana murza hula ya kasa furtawa.

Abin da na faɗa miki a wasiƙar baya, mu yi shi daga baya. Yanzu 'yata da 'ya'yan mutane.

Segundina


La Trinidad, 19 ga Disamba

Segundina,

Ina fata kuna lafiya. Ni ba lafiya nake ba, amma ba na jin kin damu.

Wasiƙarki ta sha biyu ga wata da tangarahonki rana ɗaya suka shigo. Ashe zagin takarda bai ishe ki ba, sai da kika biya kuɗi aka bugo mini ta waya cewa kada in taɓa gyaɗarku. Mai kawo saƙon ya karanta kafin ya miƙo mini, na ga murmushinsa. Kakanninmu ba su taɓa karɓe kyauta ba bayan sun bayar.

To, kin makara. An soye ta, an markaɗe ta a injin kasuwa, tana cikin manyan robobi a ɗakina da madara da sukarin da matan coci suka tara. Ba zan iya mayar da ita ƙwaya-ƙwaya ba. Na yi alkawari a gaban Fada limamin cocinmu da jama'a, kuma zan cika. Bayan biki zan sayi buhu a kasuwa in aiko miki, ki huta.

Tunda kin ce ban nemi magani ba, na kai Divina wurin ungozomar layinmu ta duba ta. Ta ce ba ta ji komai ba, amma wataƙila da sauran lokaci. Tun da muka dawo yarinyar ba ta ce mini uffan ba. In na yi magana sai ta kalli bango. Aiki dai tana yi, ban tilasta ta ba, ita ke zama ta yi ta mulmula kamar mai huce haushi a kai. Ita ce ma mai ɗanɗana mini kowane kwaɓi, tunda ni an hana ni zaƙi. Hannunta ne ya fara rawa, dakuwar tana fitowa a karkace, kuma ta ce idonta yana hazo. Na ce rashin cin abinci ne. In ta ƙi tuwona don ta ɓata mini rai, kanta take yi wa.

Mako ne na tsiya. Kajin maƙwabciyata ma da ke kiwo a bayan gidana sun bi juna sun mutu, tana ta zargin sanyi.

An yi hutu, amma motocin gangarawa sun cika, kuma an ce ƙasa ta zaftare a hanya. Za ta zo miki bayan Kirsimeti, da kayanta, yadda kika umarta.

Eufrosina


Enrile, 23 ga Disamba

Manang,

Yanzu wani mai kayan gwari da ya zagayo ta hanyar gaɓar teku ya ajiye mini wasiƙarki ta sha tara. Kin rubuta ta ba ki ga Crispulo ba. Divina ke ɗanɗanawa. Na karanta wannan layin na fita bayan gida na yi amai ni ma.

Tun da Crispulo ya fita ban ji ɗuriyarsa ba. A rediyo sun ce motoci sun yi layi a kan dutse, ba gaba ba baya. Na aika ƙaramin ɗana ya haye ya buga wani tangarahon, aka ce masa waya ta tsinke tun shekaranjiya.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba, don na san ba za ta riga gobe isa ba. Surukata tana tambayata me ya sa nake zagaye ɗaki. Na ce mata ƙafata ce ta yi tsami.

Kajin nan, Manang. A inda aka bakace gyaɗar suke kiwo. Ki duba da idon nan da kika ce Allah ya ba ki.

Segundina


La Trinidad, 26 ga Disamba

Ading Segundina,

Divina tana da rai, kuma likita ya ce ta haye. Crispulo yana nan, da rauni amma a tsaye. Ba yaron da ya mutu. Na fara da wannan don ki iya zama ki karanta sauran.

Ranar Alhamis da yamma Divina ta faɗi a kan tabarma, takardar naɗi a hannunta, jikinta yana karkarwa. Maƙwabta suka taya ni muka kai ta asibiti. Likita ya tambaye ni me ta ci, me ta sha, ko tana aiki a gonar kabeji inda ake feshi. Na ce ba ta taɓa zuwa gona ba, abincinmu ɗaya. Sannan na ja shi gefe na faɗa masa abin da nake zargi. Suka auna suka ce babu ciki. Suka sa mata ruwa suna ta lalube, numfashinta yana ƙara nauyi. Ko sau ɗaya gyaɗa ba ta zo mini a rai ba.

Da asubar jajibere na bar ta da maƙwabciyata na tafi cika alkawari. An tashi daga sujada, an jera kwanduna a kan tebur a ƙofar coci, yara sun yi layi har bakin titi. Na fara miƙawa ke nan sai ga wani mutum ya ratso layin, laka har gwiwa, takalmi ɗaya a ƙafa. Sai da ya cire hula na gane mijinki. Ashe da ƙafa ya haye inda ƙasar ta zaftare, ya hau bayan motar kabeji, ya je gidana ya tarar a kulle.

Ya miƙo mini ambulan. Na ga rubutunki, zuciyata ta taso. Na ce ya ajiye, in na gama rabo na karanta zagin.

Ya ce, "Manang, yanzu."

Na ce ya matsa, yana tare wa yara hanya, na ci gaba da miƙawa. Sai kawai ya kama teburin ya kifar. Dakuwa ta watsu a ƙasa, yara suka yi wawa, shi kuma ya faɗa a kai ya baje hannuwa yana ture su. Maza suka ɗauka mashayi ne ko mahaukaci. Suka rufe shi da duka, wani ya sa masa ƙafa a baki. Daga ƙarƙashinsu na ji muryarsa.

"Guba ce! Ni na sa da hannuna!"

Ban san yadda na yage ambulan ba. Ƙoƙon kan nan na fara gani. Na yi ta ihu a ƙwace, a ƙwace, iyaye suka bi yara suna ɓamɓare musu hannu, suna zura yatsa a baki. Waɗanda suka karɓa ba su da yawa, kuma yawancinsu sun ɓoye a aljihu za su kai gida. 'Yar mai gyaran takalma ce kawai ta riga ta haɗiye biyu. Fada ya sa ta a motarsa tare da mu zuwa asibiti. An wanke mata ciki, ta kwana ɗaya, jiya ta koma gida.

Crispulo bai tsaya an duba bakinsa ba. Ya fizge takardar maganin daga hannuna ya bi layin gadaje yana neman likita. Da likitan ya karanta sunan, ya kira ma'aikaciya da gudu, suka yi ta yi wa Divina allura ɗaya bayan ɗaya. Kafin rana ta yi tsaka numfashinta ya daidaita. Ya ce da an ƙara yini, da wani zance ake yi.

An haƙa rami a bayan coci an zuba dakuwar duka, da robobin, da faifan, aka binne. Na je wurin mai inji na gaya masa ya kwance ya wanke, ya kuma nemi duk wanda ya yi markaɗe bayana. Ya ce kada in ƙara taka rumfarsa. Matar kansila ta aika gida aka kwaso biskit ta raba wa yaran, ba ta ce mini komai ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Haƙoran Crispulo biyu sun fita. Waɗanda suka doke shi sun zo asibiti da ayaba suna ba da haƙuri, ya ce su bari, bai kai abin da ya cancanta ba.

Jiya Divina ta buɗe ido sosai. Na kai hannu zan riƙe nata, ta janye. Ta dube ni ta ce, "Anti, yanzu kin yarda?"

A sujadar Kirsimeti na roƙi Fada ya ba ni dama. Na tsaya a gaban jama'a na ce abin da na faɗa a kan yarinyar nan ba gaskiya ba ne, duk wadda ta ji daga bakina ko daga bakin wadda ta ji, ta mayar. Na je gidan su Renato ma na faɗa wa uwarsa. Na san magana ba ta komawa ciki kamar yadda ta fito.

In an sallame ta za su taho tare da ubanta. Ban da bakin roƙon ta dawo gidana. Amma in akwai hanya, ki gaya mini.

Yayarki, in har yanzu kin yarda,
Eufrosina


Enrile, 5 ga Janairu, 1989

Manang Eufrosina,

Sun iso lafiya. Divina ta rame, tana saurin gajiya, amma tana cin abinci, jiya har ta fita ta zauna a inuwar mangwaro. Crispulo kunu yake sha. Labari ya riga su zuwa a bakin direbobi, dillali ya aiko cewa bana ba zai ɗauki kayanmu ba. Mun shuka gyaɗar cin da ta rage, abin da ya tsiro shi ne namu.

Na yi niyyar in rubuto miki magana mai zafi, na zauna na kasa. Duk alamun ciwon nan kin jera mini su a takarda tun farkon Disamba, har da farar ƙurar da warinta. Ke kin ga ciwo kin kira shi abin kunya. Ni na karanta ciwo na ga zagi. Yarinyar tana tsakaninmu tana lasar guba, muna musayar baƙar magana. Ban da abin da zan tuhume ki da shi wanda ba zai dawo kaina ba, sai zancen ungozoma. Wannan kam naki ne, kuma ba ni aka yi wa ba, don haka ba ni zan yafe ba.

Na karanta wa Divina wasiƙarki duka, har inda kika tsaya a coci. Da na tambaye ta inda za ta zauna in an koma makaranta, ta ce ba za ta ba da amsa ta hannuna ba. Ta ce tun Nuwamba ake maganarta a takarda, ana aikawa sama ana aikowa ƙasa, ba wanda ya tambaye ta ya tsaya ya ji. In kina son amsa, ki sauko ki tambaye ta da bakinki, a tsakar gidan nan, a gabanmu.

Na san hanya da nisa, na san gwiwarki. Ban san abin da za ta ce miki ba, kuma ba zan sa baki ba. An buɗe hanya, gada ta fito. Crispulo zai jira ki a tasha ranar Asabar.

Kada ki kawo tsaraba.

Ƙanwarki,
Segundina